Haƙƙin Abin da Ba Mu San Asalinsa Ba

A gaɓar tekun kudancin Ingila, cikin gundumar Dorset, akwai wani daji da ake kira Studland. Ya sha bamban da dajin da muka saba gani. Itatuwansa jefi-jefi ne, ƙasarsa rairayi ce mai tsami wadda noma ba ya albarka a cikinta, abin da ya lulluɓe ta kuma wani guntun tsiro ne da bai wuce gwiwa ba, mai fure launin shunayya idan watan Agusta ya kama. A cikin wannan tsiro akwai da'irori gommai a kwance. Kowace ɗaya 'yar ƙaramar ganuwa ce ta ƙasa da ta zagaye fili, ta zaizaye har mutum zai iya taka ta ya wuce bai lura ba. Babu gardama hannun mutum ne ya yi su. Amma wane ne, yaushe, kuma don me? Har yau masana ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da muke son taunawa: me ya rataya a wuyanmu game da abin da muka gada alhali ba mu san amfaninsa ba?

Sai mun fara da dalilin da ya sa amsar asalin nasu ta yi wuya. Ƙasa mai tsami tana cinye ƙashi, don haka ko an tona sau da yawa ba a samun shaida. Ga shi kuma mutane iri-iri sun yi da'ira a irin waɗannan dazuzzuka na kudancin Ingila. Mutanen zamanin tagulla, kimanin shekara 3,500 zuwa 4,000 da suka wuce, sun tara tuddai masu zagaye a kan matattunsu. A dajin New Forest da ke gabas da Dorset, masu kiwon zuma sun riƙa kewaye amyoyinsu da ɗan tudu da rami don kada dabbobin kiwo su ture su. Masu manyan filaye a ƙarni na 18 da na 19 sun yi irin wannan kewaye ga itatuwan da suka dasa. Sai kuma sojoji: a watan Afrilun 1944, 'yan makonni kafin mamayar Normandy, an yi atisaye da harsasai na gaske a Studland, Churchill da Sarki George na Shida da Janar Eisenhower suna kallo. Idan ruwan sama ya daɗe yana duka, kabari da shingen mai zuma da ramin mai bindiga duk sukan koma kama ɗaya.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Mu 'yan Adam kuwa ba mu iya zama cikin duhun nan ba, shi ya sa muke guje masa ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce mu ƙaga labari. A 1740 William Stukeley ya fitar da littafi yana cewa bokayen tsoffin Birtaniyawa da ake kira Duruwid ne suka kafa duwatsun Stonehenge. Bincike ya nuna duwatsun sun girme su da fiye da shekara dubu, amma labarin ya ƙi mutuwa saboda yana da daɗin ji. Wani zai ce ina laifin tatsuniya? To mu leƙa nahiyarmu. Da Turawan mulkin mallaka suka ga ganuwar dutsen Babbar Zimbabwe, sai suka ce ai baƙar fata ba zai iya wannan gini ba, aikin Finikiyawa ne ko na Sarauniyar Saba. David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 sun tona, sun tabbatar 'yan Afirka ne suka gina ta. Duk da haka gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya ta ci gaba da danne wannan gaskiya har cikin shekarun 1970, domin ƙaryar tana halatta mata ƙwace ƙasa. Wanda ya cike gurbin rashin sani da abin da ransa ke so, yakan cike shi ne da abin da zai amfane shi.

Hanya ta biyu ita ce mu baje abin mu huta. Tun daga 1800 Ingila ta rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na irin wannan daji, ya koma gonaki da gidaje da gandun itatuwan katako, kuma abin da ke kwance a kansa ya tafi tare da shi. Ko manyan da'irori ba su tsira ba. A 2011 an sa katafila ta baje wani sashe na ɗaya daga cikin da'irorin Priddy da ke Somerset, waɗanda suka yi dubban shekaru a wurin ba a san aikinsu ba. Maganar ta kai kotu, an ci tara, amma tara ba ta mayar da ƙasa yadda mai ita ya jera ta.

A nan dole mu saurari mai ja da mu, don yana da hujja. Zai ce masu rai suna neman wurin kwana, ba za a mayar da ƙasa duka gidan tarihi ba. Zai ƙara da cewa idan aka gano shingen wani mai zuma ne kawai, ashe an hana mutane fili a banza.

Amsarmu ta farko ita ce, haƙuri da rushewa ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da aka bari yau ana iya rushe shi gobe idan ta kama dole, wanda aka rushe kuwa ya tafi ke nan. Kafin Willard Libby ya fito da dabarar auna shekarun gawayi da ƙashi a 1949, ɗan gawayin da ke ƙarƙashin tudu shara ne a idon mai tono. Yau shi ne shaidar da ake nema. Yanzu ma ana haska ƙasa da na'urar leza daga jirgin sama, tuddan da ido ba ya gani su fito sarari. Saboda haka ne masu tonon kayan tarihi kan bar wani sashe ba su taɓa ba, don sun san tono ma ɓarna ce, kuma na baya za su zo da kayan aikin da suka fi nasu. Rashin saninmu na yau bai ba mu ikon toshe wa jikokinmu hanyar sani ba.

Amsa ta biyu ta fi taɓa mu. Me ya sa gwiwarmu ke sanyi idan aka ce mai zuma ne? Ashe kabarin sarki muke fata. Sarakuna suna da maroƙa da marubuta, sunansu ba ya ɓata. Talakan da ya ɗauko amyarsa ya kawo daji lokacin fure, ya haƙa rami ya tara ƙasa don kare abincin iyalinsa, wataƙila wannan da'irar ce kaɗai ta rage da ke nuna ya taɓa zuwa duniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kufai ya ga gutsuren tukunya a ƙasa ya san abin da muke nufi. Idan muka ce sai abu ya zo da babban suna za mu mutunta shi, to da ma'aunin nan za mu auna masu rai, kuma da shi za a auna mu.

Ba mu ce kada a taɓa komai ba. Wani lokaci hanya za ta bi ta wurin, gida zai tashi. Abin da ke wuyanmu shi ne kada mu yi gaggawa, mu auna mu rubuta kafin mu taɓa, mu bar abin da za a iya bari. Idan kuma muka kafa allo a gefen da'irar don masu wucewa, mu daure mu rubuta iya abin da ya tabbata: mutane ne suka yi wannan, ba a san ko su wane ne ba tukuna. Yaron da ya karanta allon zai tafi gida da tambaya a ransa, kuma mai yiwuwa shi ne zai dawo da amsar.