Shin Sanin Dalili Yana Rage Girman Aya?

Ya 'yan'uwa masu karatu, a ƙasashen can ƙuryar arewa, kamar Norwe da Kanada, wani haske yakan bayyana a sama da dare, kore ko ja, yana kaɗawa kamar labule. Larabawa suna kiransa shafaƙul ƙuɗubi, Turawa kuwa orora.

A shekarar 922 Miladiyya, Ahmad ɗan Fadlan, ɗan aiken Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya ga sama ta yi ja a ƙasar Bulgar, bakin kogin Bolga, kamar runduna biyu suna gwabzawa. Sarkin ƙasar ya ce masa aljanu ne muminai da kafirai ke yaƙi. Masana da yawa suna ganin wannan haske ne ya gani.

Yau an san dalilinsa. Rana, wadda ke nisan kilomita miliyan 150, tana feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Maganaɗisun ƙasa yakan karkata su zuwa ƙuryoyinta biyu, su yi karo da iska kamar kilomita 100 bisanmu, sai iskar ta haskaka. Tafasar rana takan tsananta kusan kowace shekara 11.

To, tun da an san dalili, ayar ta faɗi ke nan? A nan mutane biyu suka kauce hanya. Na farko yakan ce alamar mutuwar wani babba ce. Ya manta ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abu biyun, shi kuwa ya hana su, ya umurce su da salla.

Na biyu yakan ce lissafi ne kawai, babu abin lura. Alhali kuwa wanda ya san yadda ake saƙa shi ya fi kowa ganin gwanintar masaƙi. Ya dubi watan Maris na 1989, sa'ad da guguwar rana ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada har awa 9. Tari ɗaya rana ta yi, miliyoyin mutane suka rasa wuta cikin sanyi.

Saboda haka mai hankali ba ya camfi, ba ya girman kai. Ya nemi sanin dalili domin ya yi rigakafi, sanin kuma ya ƙara masa tawali'u. Allah Ya sa mu dace, amin.