Kunya da Jinya: Tsagewar Dubura a Ma'aunin Fiƙihu

Daga cikin cututtukan da mai su yake gwammace ya haɗiye azabarsu a kan ya ambaci sunansu akwai tsagewar dubura, wato ɗan yagewa da ke samun siririyar fatar da ta lulluɓe mafitar bahaya, galibi ta ɓangaren baya, sakamakon wucewar bahaya mai tauri, ko gudawa da ta daɗe, ko yunƙurin naƙuda. Alamarta zafi ne mai kaifi da kan wuce sa'o'i bayan an fito daga ban ɗaki, tare da ɗan jini ja, kuma jama'a kan haɗa ta da basir, alhali shi basir kumburin jijiyoyin jini ne. Abin dubawa shi ne ko shirun da mai wannan ciwo yake yi yana cikin kunyar da addini ya yaba.

Yadda ciwon yake daɗewa ya isa ya ba da rabin amsa. A kewayen dubura akwai tsoka mai kama da zobe wadda ba ta bin umarnin mutum, kuma idan fatar ta tsage sai wannan tsoka ta ɗaure tam, ɗaurewar ta rage jinin da ke isa wurin, raunin ya rasa abin da zai warke da shi. Shi kuma majinyaci, don tsoron zafi, yakan riƙe bahaya, sai hanji ya tsotse ruwan da ke cikinsa ya ƙara tauri, ranar da ya fito ya sake buɗe raunin. Idan aka wuce mako 6 zuwa 8 a haka, likitoci na ɗaukar tsagewar a matsayin wadda ta zauna, kuma daga nan ne ake fara kusantar tiyata. Ke nan kowane mako da aka ɓata ana ɓoyewa yana rage damar warkewa ba tare da wuƙa ba.

Jinyar kanta ba ta da wuya, juriya kawai take nema. Ana tausasa bahaya da yawan shan ruwa da cin abinci mai ɗauke da dusa da ganye, irin su wake, zogale, kuɓewa, gwanda da hatsin da ba a surfe shi fes ba; ana zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 don tsokar ta saki; ana barin yunƙuri da dogon tsuguno. Idan hakan bai wadatar ba, likita kan rubuta man shafawa na glyceryl trinitrate, wanda ke buɗe jijiyoyin jini ko da yake yana jawo ciwon kai, ko na diltiazem, a yi ta shafawa har tsawon makonni, sannan akwai allurar Botox da ke sassauta tsokar na ɗan lokaci. Jiƙon da masu tallar maganin basir ke sayarwa a tasha, wanda sau da yawa zawo yake sa mutum, yana iya ƙara wa raunin ƙaiƙayi da yagewa.

Malaman fiƙihu kuwa ba su taɓa ɗaukar wannan sashe na jiki a matsayin abin da ba a magana a kansa ba. Buhari ya ruwaito cewa sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda yake fama da basir, ya kai matsalarsa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kuma sauƙaƙa masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sahabin bai ga ambaton cutarsa ya taɓa mutuncinsa ba, malamai ma sun ci gaba da karantar da sunansa tare da sunan cutar. A Mazhabar Malikiyya, Muhtasar na Halil ya sanya damshin basir cikin najasar da ake yafewa saboda wahalar kauce mata, haka nan an yafe jinin da bai kai faɗin dirhami ba, don haka ɗigon jinin tsagewa ba hujjar barin salla ba ce, ba kuma dalilin waswasi ba ne. Tsarki da ruwa, wanda dama shi aka fifita a kan hoge da dutse, ya fi sauƙi ga fatar da ta ji rauni.

Saura batun al'aura, wanda shi ne ainihin abin da ke hana mutane zuwa asibiti. Ƙa'idar malamai ita ce larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar, saboda haka ya halatta likita ya duba wurin iyakar buƙata, an kuma fi so mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, idan hakan ya samu. Dubawar ta zama dole ne musamman saboda jinin dubura ba koyaushe yake fitowa daga tsagewa ba. Yana iya zama alamar kumburin hanji ko ciwon daji, kuma majinyaci ba shi da hanyar bambance su da kansa, musamman idan ya manyanta, ko yana ramewa, ko jinin ya ƙi tsayawa bayan makonnin jinya.