INA ZANGON WANDA AKA ZALUNTA?

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata magana da mu ke roƙonka ka auna a zuciyarka.

Ka san abin da a ke kira zango. Wuri ne inda ayari ya kan sauka in rana ta yi sanyi, a kwance wa jakuna kaya, a sha ruwa, a kwana ba tsoron 'yan fashi. Akwai gari a ƙasar Daura, kusa da iyakar Nijar, wanda ya ke da wannan suna, ya kuwa ci sunansa. Gama sa'anda aka fitar da sarakunan Hausa daga birnin Daura a zamanin jihadi, a Zango ne gidansu ya sami wurin zama, har shekara ta 1906 da aka mai da Malam Musa bisa gadon kakanninsa. Ashe sarki ma, ran da duniya ta juya masa baya, yana bukatar inda za ya sauka.

To, macen da mijinta ya doke ta ya kore ta da tsakad dare fa, ina zangonta? Yarinyar da wani babba ya lalata, da yaron da aka yi wa rauni da sunan horo, ina za su sauke kayansu? Wannan tambaya taka ce, gama wanda ya shiga hanyar Almasihu ba shi da sauran ikon cewa, "Ba ruwana."

ABIN YANA KUSA DA KAI

Kada ka zaci labarin wata ƙasa mai nisa ne. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Daura inda a ke tsare kangararru domin a gyara halinsu. Suka fito da mutum 67, manya da yara, da mari a ƙafafunsu, jikinsu duk tabon duka. Kada kuwa ka yi saurin nuna wa wani yatsa. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna zaton alheri su ke yi musu, domin ba su san wani wurin da za su kai su ba. Gidan kuma ba a jeji ya ke ba, a tsakiyar mutane ya ke.

A shekara ta 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi bincike a kan yaran Nijeriya. Aka iske shida cikin goma sun sha wani irin zalunci kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci mutuncinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wani bincike na 2018 ya nuna mata 31 cikin ɗari an taɓa dukansu tun daga shekara 15 da haihuwa. Waɗannan mata da yara suna cikin gidajen Musulmi, suna kuma cikin gidajen Kirista. Waɗansu suna zaune kusa da kai a ɗakin sujada ran Lahadi.

HUJJOJI UKU

Watakila za ka ce, "Matata ce, na biya sadakinta, harshe da haƙori ma su kan saɓa." Gaskiya ne su kan saɓa, amma ka taɓa ganin haƙori ya tauna harshe da gangan? Sadaki ba kuɗin sayen baiwa ba ne. Littafin Farawa ya koya mana namiji da tamace duka cikin surar Allah aka yi su. Manzo Bulus kuma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa sura 5, ya sa wa miji ma'auni ɗaya kaɗai, wato irin ƙaunar da Almasihu ya yi wa ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Almasihu bai taɓa ɗaga wa ikilisiyarsa hannu ba. Hannuwansa ne aka huda saboda ita. Duka zalunci ne. Haka kuma zagi, da hana abinci, da tilasta mata, da barinta da 'ya'ya ba ci ba sha.

Ko kuwa ka ce, "Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, mu ma da bulala aka rene mu." Lallai horon 'ya'ya wajibi ne a kan iyaye. Amma mai tanƙwara icce a hankali ya ke yi, domin ya san ɗanyen icce ba shi da wuyar karyewa. Ka tambayi kanka, sa'anda ka ɗauki sanda, gyaran yaron ka ke nema, ko kuwa hucewar fushinka? Abin da ya bar tabo, ko ya sa yaro rawar jiki in ya ji motsin ubansa a zaure, ya wuce horo. Ubangijinmu ya rungumi yara ƙanana ya sa musu albarka, ya kuma yi kashedi mai tsanani cikin Matta sura 18, cewa wanda ya sa ɗayansu tuntuɓe, nutsewa cikin teku da dutsen niƙa a wuya ya fi masa sauƙi.

Ko kuma ka ce, "Haka muka tarar." Ka tuna da labarin da kakanni suka bari na rijiyar Kusugu a Daura, inda macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Gari duka ya saba da ƙishi na kwana shida, har ya zama al'ada. Sabo bai mai da ƙishin nan alheri ba. Daɗewar mugunta ba ta wanke ta.

HAƘURI DA RUFIN ASIRI

Yanzu mun zo wurin da mutanen kirki su ke yin kuskure. Haƙuri abu ne mai daraja, rufin asiri kuma haka. Amma duba wanda a ke ɗora wa su. Mace ta gudu gidan iyayenta da fuska a kumbure, a ce mata, "Yi haƙuri, koma ɗakinki." An ɓata yarinya, dattawa su taru a zaure, mai laifi ya ba da 'yan kuɗi, a ce, "A rufa asiri, kada ta rasa miji." Asirin wa aka rufa? Na mai laifi ne, shi kuwa ya sami hanyar zuwa wurin wata yarinya gobe.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba, ko da ya ke a gidan sarki ya faru. Karanta littafin Sama'ila na biyu, sura 13. Amnon ɗan Dawuda ya yi wa Tamar 'yar ubansa fyaɗe, sa'an nan ya sa aka fitar da ita aka kulle ƙofa. Ta tafi tana kuka da toka a kanta. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Tamar ta zauna a gidan wanta kamar wadda aka binne da rai. Shirun nan kuwa bai kawo salama ba: bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan Dawuda ya tsage. Ka lura, Dawuda bai taɓa Tamar da hannunsa ba. Fushi ya yi, bai yi kome ba, abin da aka rubuta a kansa ke nan.

Gafara ba ta hana shari'a. Wanda aka cuta ya iya gafartawa a lokacin da Allah ya ba shi iko, ba da tilas ba. Amma hukuma, in ji Romawa sura 13, baiwar Allah ce domin horon mai aikata mugunta. A ƙasarmu an kafa dokar kare haƙƙin yara a 2003, da dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda Jihar Katsina ta karɓa a 2023. Wanda ya kai ƙarar mai fyaɗe bai tona asirin ikilisiya ba. Wanda ya ɓoye shi, shi ne ya jawo wa sunan Almasihu zargi.

TAUSAYI YANA DA TSADA

Sai ka ce, "To, ni na janye hannuna, bakina kuma ba za ya yi shiru ba. Sauran me?" Sauran aljihunka.

Cikin Luka sura 10 Yesu ya ba da misalin mutumin da 'yan fashi suka bari rai ga Allah a hanyar Yariko. Firist ya gan shi ya ratse, Balawi ma haka. Mai yiwuwa ne su ma sun ji tausayi a ransu, amma tausayin bai fito waje ba. Basamariye kuwa ya zuba mai da ruwan inabi nasa a raunukan, ya ɗora mutumin bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jiyyarsa. Da gari ya waye ya ba mai masauki dinari biyu, ladan ƙwadago na kwana biyu ke nan, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya komo. Da babu masauki a hanyar nan, ina za ya kai shi? Da kuma babu dinari biyu, wa za ya riƙe shi?

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ka lissafta abin da yarinya ta ke bukata ran da aka cuce ta a wani ƙauye na ƙasar Daura. Akwai kuɗin mota ko babur zuwa asibiti, da gaggawa kuwa, gama maganin da ke tsare mutum daga ƙwayar ƙanjamau sai an fara shansa cikin awa 72. Akwai kuɗin gwaji da takardar likita, wadda alƙali za ya nema. Akwai zirga-zirga wurin 'yan sanda da kotu, wata da watanni. Tana bukatar ɗaki inda mai laifi ba za ya kai gare ta ba, da mace mai hankali da za ta saurare ta ba zargi, da kuɗin makaranta domin kada karatunta ya yanke. Macen da ta fito daga gidan duka da 'ya'ya uku tana bukatar hatsi da ɗan jari na sana'a. In babu, yunwa za ta mai da ita inda ta fito. Iyaye da yawa ba son kuɗin mai laifi ya sa su karɓi sulhu ba, rashin kuɗin mota ne.

A 2013 aka buɗe cibiyar Mirabel a Legas, inda waɗanda aka yi wa fyaɗe su ke samun magani da shawara kyauta a wuri ɗaya. Daga baya aka buɗe irinta a waɗansu jihohi. A watan Yuni na 2020 kuma gwamnonin ƙasar nan suka ce al'amarin fyaɗe ya zama na gaggawa. Wannan duka abin godiya ne. Amma cibiya a babban birni ba ta da amfani ga wadda ba ta iya kaiwa can, doka kuma in ba a ware mata kuɗi ba, tawada ce a takarda. Daidai ne Kirista ya tambayi wakilinsa a majalisa, da ladabi, nawa aka sa domin wannan aiki.

Ikilisiya kuma kada ta jira gwamnati. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin. Ku yi haka. Ku kafa asusu dabam domin wannan, tun kafin bukata ta zo. Kowa ya sa gwargwadon samunsa ran Lahadi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo damin gero da kaka. Mutum biyu amintattu su riƙe shi, ɗaya daga Zumuntar Mata, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, amma kada a ambaci sunan wadda aka taimaka a gaban jama'a. A san gida ɗaya ko biyu inda mace za ta iya ƙwanƙwasa ƙofa da dare. Kada kuwa a tambaye ta addininta, gama Basamariye bai tambaya ba.

MAGANA TA ƘARSHE

Ke 'yar'uwa da ki ke ɗauke da wannan kaya a ɓoye, ki ji: laifin ba naki ba ne, kunyar kuma ta wanda ya aikata ce. Tsere wa duka ba zunubi ba ne. Ki faɗa wa wadda ki ka amince da ita. In ba ta ji ki ba, ki faɗa wa wata.

Kai kuma wanda zuciyarka ta ke ba ka laifi yanzu, akwai gafara dominka wurin Almasihu, amma tuba ta gaskiya tana da alama. Ka furta laifinka a gaban dattawa ba tare da ɗora wa matarka ko Shaiɗan ba, ka biya abin da ka ɓata, ka karɓi hukuncin da ya wajaba, kada kuma ka matsa wa wadda ka cuta ta komo kafin ta ga sakewarka.

Kai mai bincike, in kana so ka san irin Ubangijin da mu ke kiranka gare shi, shi ne wanda aka yi wa bulala, aka tofa wa yau, aka tuɓe a gaban jama'a. Ya san abin da wanda aka wulakanta ya ke ji, ya kuma ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa.

Ya Allah Ubanmu, uban marayu, mai tsaya wa gwauraye, ka gafarta mana duka da hannunmu ya yi da shirun da bakinmu ya yi. Ka warkar da waɗanda aka raunana. Ka buɗe hannuwanmu, ka mai da gidajenmu zango ga waɗanda ba su da wurin sauka, saboda Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.