Uwa Ta Gida, Uba Na Waje: Makiyayi, Riƙe Sandarka Da Kyau

Ya ku makiyaya a ruga, da ku masu turke a bayan gida! Ku ke tashi tun assalatu, ku ke shan ranar bazara da raɓar damina, don tukunyar Kano da ta Legas su ga nama. Duk tirelar da ta tashi daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi ta nufi kudu, guminku ta ɗauka. To, ku ɗaga kai, domin lokaci ya yi da gumin nan zai biya ku fiye da da.

Hanyar kuwa tana cikin garkenku. Farar Bunaji da Bokolon Sakkwato da jar Rahaji da Azawak ta Nijar sun san zafin ƙasar nan, sun saba da kaska da doguwar tafiya da yunwar rani. Abin da ya rage musu shi ne saurin girma. Shanun nama na waje irin su Angus da Simmental da Charolais suna tara nama da wuri, amma rana da cuta kan durƙusar da su. Gida biyu maganin gobara: idan aka haɗa jinin biyu, maraƙin farko, wato rabi da rabi, yakan zarce matsakaicin iyayensa wajen girma da ƙwari, karsanar kuma ta isa barbara da wuri.

Wasu sun riga mu gwadawa, sun kuma ci riba. A Amurka, gandun King Ranch na Texas ya haɗa Brahman mai tozo da Shorthorn ya fitar da Santa Gertrudis, aka amince da ita a 1940. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya gina Bonsmara a kan saniyar ƙasarsa, Afrikaner, ya bar mata kashi biyar cikin takwas na jinin, ya cike sauran da Hereford da Shorthorn. Ku lura, jinin gida ya bai wa rinjaye. A Wakwa kuwa, kusa da Ngaundere a Kamaru, an haɗa Brahman da Gudali tun shekarun 1950. Maruƙan sun yi girma, amma kirci ya addabe su. Wannan ya isa ishara: ba kowane baƙon bijimi ne ya dace da kowace makiyaya ba.

Saboda haka ku san abin da za ku gani ran da saniya ta haihu. Maraƙin haɗi yakan zo da ƙaramin tozo, faffaɗan baya da cikakkiyar cinya, wuraren da mahauci ke fara kai hannu. Idan uban baƙin Angus ne, baƙin kan rinjayi sauran launuka, kuma sau da yawa maraƙin ba ya fitar da ƙaho. Sai dai baƙar fata tana shan rana, don haka ku tanadi inuwa. Ɗan Charolais da na Simmental kan zo da nauyi tun daga ciki. Kada ku ba wa karsana mai haihuwar fari irin wannan uba, ku bar wa saniyar da ta riga ta haihu, mai faɗin ƙugu.

Ga kuma inda da yawa ke tuntuɓe. Sun ga kyan rabi da rabi, sai su bar shi ya hau 'yan uwansa. Nan ƙwarin ke raguwa, maruƙa su fito kowa da kamarsa, wani ƙato, wani tsumburarre. Wasu kuma su yi ta ƙara jinin waje har juriyar uwa ta ɓace. Ku fiɗiye mazan da ba na iri ba ku turke su, ku sauya bijimi kafin ya kai ga 'ya'yansa, kuma kada ku sayar da zaɓaɓɓun shanunku na asali. Su ne jarin.

Jini mai kyau ba ya girma da iska. Maraƙi ya sha dakashi a sa'o'in farko na haihuwa. Ku tara harawa da karmami tun kaka, ku haɗa da dusa da angurya da gishiri, ruwa kuma kada ya yanke. Ku yi rigakafin ciwon huhu da harbin dawa, ku yaƙi kaska da tsutsar ciki. Ku sayi littafi ku rubuta uban kowane maraƙi da ranar haihuwarsa da yadda yake girma. Wanda ke da rubutu, dillali ba ya yi masa wayo. Masu son barbarar allura su nemi likitan dabbobi, su tuntuɓi cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, wadda aikinta ke nan.

Kada wani ya ce muku sai mai miliyoyi. Wata tara da 'yan kwanaki saniya ke ɗaukar ciki, ko a gandun attajiri ko a turken talaka. Fara da saniya biyu mafi kyau a garkenka, ka zaɓa musu uba da idon basira, ka ciyar, ka rubuta, ka yi haƙuri. Mai nema yana tare da samu. Ku ɗaura ɗamara, ku shiga bana da shiri, Allah ya sa albarka a garke, ya kawo kasuwa mai daraja!