Sadakar Nasara da Haƙƙin Maƙwabci: Tambaya Daga Kara-Kara

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai ciyar da mumini da wanda ba mumini ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ba ta tsufa a majalisun karatu na Damagaram. Duk shekarar da damina ta gaza, ko aka ga mota mai alamar wata ƙungiyar Nasara ta sauke buhunan hatsi a ƙauye, sai an sami mai ɗaga murya bayan an shafa fatiha ya ce, "Allah gafarta Malam, shin ya halatta ga Musulmi ya karɓi taimakon waɗannan mutane?" Tambayar tana da kyau, kuma wajibi ne a amsa ta da ilimi. Sai dai mun lura da abu guda, galibi masu yin ta sun karya kumallo kafin su fito daga gida.

Bari mu fara da wurin da maganar ta fi ƙuna. Duk ɗan Damagaram ya san Kara-Kara, unguwar da ke gefen gari cikin duwatsu, inda tun da daɗewa aka ware kutare da sauran waɗanda gari ya ƙi zama da su. Can suka yi aure, can suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, 'ya'yan suka haifi jikoki, amma sunan unguwar ya manne wa jikokin kamar su ne masu cutar. A shekarar 2021 wata 'yar garin nan, A'isha Maki, ta fitar da fim mai suna Zinder, ta nuna wa duniya samarin unguwar: masu fasa dutse, masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Nijeriya, da ƙungiyoyin nan da ake kira "fale". Wasu daga cikinmu sun ji haushi, wai an tona mana asiri a gaban baƙi. To, wane asiri ne ya rage, alhali daga Birni zuwa can tafiyar ƙafa ce?

Wa ya ɗauki jinyar kuturu a ƙasar Hausa ta Nijar a ƙarnin da ya shige? Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram tun 1924, su suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka buɗe na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956. Su ba 'yan Katolika ba ne. 'Yan Katolika kuwa sun fi ƙarfi wajen makarantu da agajin abinci, ta hannun CADEV, wato reshen Caritas na Nijar, da kuma CRS ta Amurka, wadda ta fara aiki a ƙasar nan a 1991, ta yi rabon gidajen sauro, ta kuma gudanar da shirin nan mai suna Girma a Magarya da Dungas daga 2018. Irin wannan aiki suke yi a ƙasashe da yawa. A Haiti, ƙasar jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙwaci 'yancinsu a 1804, wadda girgizar ƙasa ta rugurguza babban birninta ranar 12 ga Janairun 2010, ƙungiyoyin coci suna riƙe da makarantu, suna haƙa tafkunan kiwon karfasa don talaka ya ci ya sayar. Amma can mai bayarwa da mai karɓa galibi addininsu ɗaya, babu wanda zai tsaya tambayar malami. Mu ne tambayar ta hau kanmu, domin hannun da ya miƙo ba ya fuskantar alƙiblarmu.

Dangane da halacci, malamai ba su sha wuya ba. A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (S.A.W.), sa'ad da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, shi da kansa ya tura raunanan sahabbansa Habasha, ƙarƙashin Najjashi, sarki Banasare, suka ci abincin ƙasarsa, suka zauna cikin amincinsa shekara da shekaru. Ya karɓi kyautar Muƙauƙisu, shugaban Ƙibɗawan Masar. Ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Aya ta takwas ta Suratul Mumtahana kuma ta bayyana cewa ba a hana mu kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, bai kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Saboda haka uwar da ta kai ɗanta mai tamowa wurin 'yan mishan ba ta yi laifi ba. Mai laifi shi ne wanda ya hana ta, bai kuwa ba ta komai ba.

Duk da haka ba mu raina tsoron masu tsoro ba. Suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ciyar da kai yau gobe zai nemi kunnenka. Akwai gaskiya a ciki. SIM ba ta taɓa ɓoye cewa wa'azin Linjila ne ya kawo ta ba. Cocin Katolika kuwa, ta bakin Fafaroma Benedict na 16 cikin wasiƙarsa ta 2005, ta ce bai kamata a mai da agaji tarkon jan mutane zuwa addini ba. Abin da ke cikin zukata Allah ne masani. Sharaɗin shari'a dai a fili yake: duk taimakon da aka ɗaura masa barin salla, ko halartar ibadar da ba tamu ba, ko canza wa yaro aƙida, to a bar wa mai shi kayansa. Amma mu yi wa kanmu adalci. Ashe ba mu ne Allah Ya sanya wa kason waɗanda ake lallashin zukatansu cikin masu cin zakka takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba ba? Mun san alheri yana jan zuciya, addininmu ma ya yi umurni a yi aiki da haka. Yaya za mu zargi wani don ya riƙe abin da muka yar?

Kuma shekara ɗari ke nan da zuwan 'yan mishan, ƙidayar 2012 ta nuna kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar Musulmi ne. Majinyata nawa suka kwanta a Galmi da Danja suka koma gida da tasbaharsu? Abin da ya kamata ya hana mu barci wani ne daban. Yaron da ya tashi ya ga mai wanke wa kakansa gyambo baƙo ne mai gicciye a wuya, ya ga kuma mai rawani yana janye hannun riga idan kakan ya miƙo hannu, wannan yaro ko bai bar Musulunci ba ya riga ya koyi wani darasi game da mu, kuma huɗubar Juma'a ba ta isa ta goge shi ba.

Daga nan sai maganar godiya, wadda ita ce ta fi nauyi a bakinmu. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya komo daga Ɗa'ifa ƙafafunsa suna jini, Muɗ'imu ɗan Adiyyu, mushiriki, shi ya ba shi mafaka ya shiga Makka. Muɗ'imu ya mutu bai musulunta ba. Amma bayan yaƙin Badar, Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah ya ambace shi, ya nuna da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da ya sake su dominsa. Haka aka koya mana riƙon alheri. To, mu auna wannan da abin da ya faru a garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015. Wata jaridar Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, zukata suka ƙuna, kuma sun cancanci ƙuna. Amma da aka sauko daga masallaci sai aka nufi majami'u da makarantar mishan da gidaje da shagunan Kiristoci aka cinna musu wuta, aka yi asarar rayuka, kashegari abin ya kai Yamai. Waɗanda aka ƙona wa dukiya ba su suka yi zanen ba, jaridar ma ba ta ƙyale cocinsu da nata ba'a ba. Makarantar da aka ƙona kuwa 'ya'yan Musulmi ne suka fi yawa cikin azuzuwanta. Ba mu manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin gidajensu a wannan rana ba, Allah Ya saka musu, su ne suka fitar da mu kunya. Sauranmu har yau ba mu zauna mun faɗa wa juna da sunansa ba cewa zalunci ne aka yi.

Sai mu koma kan kuturu, domin a kansa ne muka fi fakewa da nassi. Kowa ya haddace hadisin da ya yi umurni a nisanci mai kuturta, hadisi ne ingantacce, kuma manufarsa tsare lafiya. Amma sahabbai da suka ji shi daga bakin mai shi ba su fahimci a jefar da mutum bayan gari a manta da shi ba. Balazuri ya kawo a tarihinsa cewa Sayyidina Umar (R.A.), a tafiyarsa zuwa Jabiya ta ƙasar Sham, ya wuce wasu kutare Nasara, sai ya yi umurni a yanka musu abinci daga dukiyar sadaka. Ku duba da kyau, halifan Musulmi ne yake ciyar da kutaren Nasara, yau kuwa abin ya juye. Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki kuma ya gina gidan jinya a Dimashƙa, ya yanka wa kutare abin masarufi don kada su yi bara, ya sa wa makaho ɗan jagora. Ban da haka, hukuncin da aka rataya da wani dalili yana sauyawa idan dalilin ya gushe. Tun 1873 likita Hansen ya gano ƙwayar da ke jawo cutar, aka san ba gado ba ce, ba kuma baki ba ne. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta, ana sha wata shida zuwa goma sha biyu, kuma da zarar mutum ya fara sha ya daina yaɗa ta. Dungun da muke gani a hannun tsoho tabon ciwon da ya warke ne. To, da wane nassi muke ƙyamar jikansa?

Wani zai ce ai muna sadaka. Haka ne, ba a fi mu ba. Ranar Juma'a kutare da makafi da guragu suna jeru a ƙofar masallaci, kowa ya jefa dala biyar ko goma, ya sami addu'a, ya wuce. Lada tana nan in Allah Ya so. Amma wanda muka ba dala a shekarar El-Buhari, 1984, ɗansa muka ba a yunwar 2005, jikansa ne ke zaune a wurin yau. Zakkarmu ma haka. Manomin da ya sami ausuƙi biyar na gero ya fitar da ushuri, attajiri ya fitar da rubu'in ushuri na kuɗinsa, sai a yayyafa ta ga mutum ɗari biyu, kowa ya sami na cefanen yini ɗaya, alhali da an tara ta kan mutum biyar da sun fita daga sahun masu karɓa har abada. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya zo roƙo, Annabi (S.A.W.) ya sa aka sayar da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na gatari, ya ɗaura masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ce ya tafi itace kada ya komo sai bayan kwana goma sha biyar. Wannan shi ne guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wa'adin kwana goma sha biyar ɗin nan kuwa ya kamata a lura da shi, domin yana nuna an ba mutum jari ne aka kuma ce ya dawo a ga yadda ya yi.

Wannan bibiya ita ce abin da 'yan mishan suka fi mu, ba yawan tausayi ba. Suna rubuta suna, suna riƙe lissafi, suna komowa baɗi su duba. Ba muna cewa a haƙa tafkin kifi a Kara-Kara ba, garin da mata ke kwana layin famfo da bazara. Tarwaɗa da karfasa suna da wurarensu, Gidimuni da Lasuri da tafkin Madarunfa. Amma ɗinki da walda da gyaran babur da kiwon awaki ba sa bukatar tafki. Kuma muna da hubusi cikin littattafan Malikiyya da muke karantawa kullum a zaure, tun daga gonar Umar ta Haibara da rijiyar Ruma da Usmanu (R.A.) ya saya wa Musulmi. Shaguna nawa ne a kasuwar Dole aka yi hubusinsu domin karatun marayu? Masallatai dai muna ginawa, wani a jikin wani, har ladanai suna haɗa baki.

Lokaci ma ya ƙure mana. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wadda kuɗinta ke tafiyar da ayyuka da yawa na CRS, cikinsu har da Girma. Wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa jin sunan Dungas ba, kuma ba a kansa Allah Ya ɗora haƙƙin maƙwabtaka ba. Ciyar da mayunwaci da jinyar maras lafiya farilla ce ta kifaya, idan babu wanda ya tsaya mata duk gari ne ke ɗaukar zunubi, kuma tsayuwar baƙo ba ta sauke mana shi.

Muna roƙon limamai da kwamitocin masallatanmu na Birni da Zango da Sabon Gari, kafin a fitar da zakkar hatsi ta bana, kowane masallaci ya tura dattawa uku su taka zuwa Kara-Kara, su gai da mai unguwa, su zauna bisa tabarma ɗaya da mutanen, su rubuto sunayen yara goma da ba sa zuwa makaranta. Idan an kawo musu ruwa su sha, a ƙoƙon da aka kawo.