Shin Wanda Ya Hakaito Zagi Shi Ma Ya Yi Zagi?

 

Maganarmu ta wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda ta shigo gidajenmu tare da akwatin talabijin, yanzu kuwa har ta kai aljihun 'ya'yanmu a cikin waya. Idan aka ɗauki littafin labari za a mai da shi wasan kwaikwayo, alhali a cikinsa akwai mugun laƙabin da ake jifan wata al'umma da shi, shin a bar ɗan wasa ya furta shi kowa ya ji, ko kuwa a cire?

Turawa ma sun ci karo da wannan tambaya. A shekarar 1987 wani marubuci ɗan ƙasar Ailan, Roddy Doyle, ya fitar da littafinsa The Commitments, labarin 'ya'yan talakawa masu kafa ƙungiyar kiɗa. A ciki wani saurayi ya kwatanta mutanen Ailan da baƙar fatar Amurka, ya kuwa yi amfani da kalmar nan mafi muni wadda iyayengijin bayi suka bari gado. Da aka zo yin fim ɗin a 1991, sai aka bar ma'anar, aka musanya kalmar da wadda ba ta da dafi. Abin da takarda ta ɗauka, sai aka ga baki ba zai iya ɗauka ba.

Mu ma muna da namu. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Labari irin wannan ba ya faɗuwa sai an ji bakin masu farautar mutane da masu taya su a kasuwa, sai an ji "bawa" da "kuyanga" yadda ake faɗinsu da wulaƙanci. Wanda ya wanke bakin waɗannan mutane ya yi wa tarihi ƙarya, ya kuma zalunci waɗanda aka sayar karo na biyu, domin ya ɓoye abin da aka yi musu.

To, me Shari'a ta ce? Asalin hukunci a fili yake. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba, Ya kuma kira wannan aiki fasiƙanci. Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri ya taɓa goranta wa wani mutum da uwarsa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Idan sahabi mai wannan daraja bai tsira daga tsawa ba, ina ga ni da kai?

Amma kuma malamai suna da wata ƙa'ida, cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani da kansa ya hakaito mana yadda aka kira Annabawa mahaukata da masihirta. Ya hakaito yadda manyan mutanen Annabi Nuhu suka kira mabiyansa ƙasƙantattu. Muna karanta waɗannan ayoyi a cikin salla, ba wanda ya ce mun yi zagi. Haka nan malaman Hadisi suna ambaton wasu maruwaita da laƙabin nakasarsu, kamar A'amashu mai raunin ido da A'araju gurgu, kuma Imamu Nawawi ya lissafa wannan cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, muddin don a gane shi ne, ba don a tozarta shi ba.

Sai dai a lura da yadda Alƙur'ani yake hakaitowa. Ba ya barin maganar azzalumi ta tsaya ita kaɗai. Yakan nuna wanda ya faɗa, ya kawo amsar wanda aka gaya wa, ya bayyana ƙarshen kowannensu. Mai karatu yakan tashi zuciyarsa tana tare da wanda aka zaga. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata a ɗora kowane fim a kai: idan an furta laƙabin, a wane gefe aka ajiye zuciyar mai kallo? In ya ji zafin kalmar kamar shi aka gaya wa, to, an yi hikaya, kuma an yi wa'azi. In kuwa ya ƙyalƙyale da dariya tare da mai zagin, to, an yi zagi, kuma da mai shirya fim da ɗan wasa da mai kallo duk sun yi tarayya a ciki.

A nan ne finafinan barkwancinmu da yawa suke faɗuwa. Za a kawo Bagware ko Bafillatani ko mutumin kudu ba don kome ba sai don a yi dariyar harshensa, a kira shi da sunan da ba zai amsa da daɗin rai ba. Wani zai ce ai wasa ne, irin na Zamfarawa da Dakarkari, ko Kanawa da Zazzagawa. Wannan ƙiyasi bai yi ba. Taubashi yana gabanka, ya yarda da wasan, in ka jefa ya rama. Wanda ake yi wa dariya a allon talabijin ba ya nan, ba a nemi yardarsa ba, ba shi da bakin ramawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin littafi da allo. Mai karatu shi kaɗai ne, galibi mai hankali ne, yana iya tsayawa ya yi tunani. Talabijin kuwa a tsakar gida yake magana, da murya da fuska, gaban yaron da bai san tarihi ba. Yaro ba ya riƙe darasi, kalma yake riƙewa, gobe ya jefi ɗan ajinsu da ita. Saboda haka ko inda hikaya ta halatta, a tsaya gwargwadon larura. Abin da sau ɗaya ya isar, kada a maimaita shi sau goma.

Mu mutanen Kucheri da Tsafe da Bunguɗu ba mu bukatar a gaya mana cewa baki shi ke yanka wuya. Jikokin waɗanda a dā ake kira arna a gindin dutsen Kwatarkwashi, yau da su muke haɗa sahu a masallaci. Kuma a cikin fitinar da ta auka wa Zamfara tun wajen 2011, mun ga yadda sunan ƙabila guda ya koma ma'anar ɗan fashi a bakin wasu, wasu kuma suka mai da "kaɗo" sunan wanda jininsa ba shi da alhaki. A Ruwanda, a 1994, gidan rediyo ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai kafin adduna su gama aikinsu. Mutum ba ya iya yanka ɗan'uwansa sai ya fara sake masa suna.

Don haka ina kira ga marubuta da masu shirya wasanni, da hukumomin tace finafinai irin wadda Kano ta kafa a 2001, kada aikinsu ya tsaya ga ƙidayar kalmomi. Su duba wa ake sa mai kallo ya tausaya wa, wa ake sa shi ya rena. Iyaye kuma, in irin wannan kalma ta fito yaro yana zaune, kada a yi shiru. A gaya masa wanda ake nufi da ita, da abin da Allah Ya ce a kanta.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya tsare harsunanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.