Shin Shan Maganin Ciwon Damuwa Rashin Tawakkali Ne?

'Yan'uwa Musulmi, sau da yawa idan baƙin ciki ya kwantar da mutum har ya ƙaurace wa abinci da jama'a, sai a ce imaninsa ne ya raunana. Wannan hukunci zalunci ne. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, to wa zai ce ba shi da tawakkali?

Malam Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya kasa baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, da mai saukowa haka kawai, wanda tushensa a jiki yake, sai da magani.

Likitoci sun ƙara rarrabewa. Galibi sukan fara da irin su fluoxetine. Mai farkawa tun kafin asuba yana ramewa, imipramine, wanda aka bayyana amfaninsa a 1957, yakan yi masa aiki. Mai yawan ci da barci kuwa, phenelzine ya fi imipramine karɓarsa. Mai jin muryoyi, sai an haɗa masa da maganin ruɗewar tunani. Wanda damuwarsa ke musanyawa da zumuɗi, maganin damuwa shi kaɗai na iya birkita shi.

Saboda haka aron ƙwayar maƙwabci ganganci ne, ƙin zuwa asibiti kuma sakaci ne da amanar rai. A nemi likita, a jure makonni kafin a ga sauƙi, a dage da addu'a. Wannan shi ne tawakkali. Allah Ya ba mu lafiya, amin.